Saƙo da Mazubinsa: Darasi kan Haɗin Gwiwar Bincike wajen Isar da Allurar Ciwon Daji

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na shekarar 2022, kamfanonin harhaɗa magunguna biyu na Amurka, Moderna da Merck, suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi a kan majinyata 157 waɗanda aka riga aka yi wa fiɗa aka cire musu melanoma, wani mugun nau'i na ciwon dajin fata. An kasa majinyatan gida biyu. Kashi na farko an ba shi maganin pembrolizumab kaɗai, kashi na biyu kuwa aka haɗa masa da wata allura wadda aka harhaɗa wa kowane majinyaci tasa daban, gwargwadon siffofin ƙarin da aka cire masa. A kashi na biyun, haɗarin dawowar cuta ko mutuwa ya ragu da 44 cikin ɗari. Da aka ci gaba da bibiyar majinyatan har kimanin shekara uku, ragin ya kai 49 cikin ɗari.

Galibin abin da aka rubuta game da wannan labari ya tsaya ne a kan saƙon da ke cikin allurar. Wannan darasi zai dubi ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, wato mazubin da ke ɗauke da saƙon har ya kai shi inda ake bukata a cikin jiki. Za mu ga cewa masu rubuta saƙon daban ne, masu ƙera mazubin daban, masu maganin da ke rakiyarsa daban, asibitocin da ke da majinyatan ma daban. Yarjejeniyoyin da ke tsakanin waɗannan rukunoni su ne ke yanke wanda zai sami maganin da kuma abin da zai biya.

2.0 Kalmomin aiki

Kafin a shiga batu, akwai matsalar suna. Hausa na kiran allurar ƙyanda ko ɗigon shan inna da “rigakafi”, harɗaɗɗiyar kalma daga aikatau “riga” da suna “kafi”, gininta irin na “dafa-duka” da “hana-salla”. Kafi shi ne shingen itatuwa da ake kewaye gari da shi, ko asirin da ake binnewa don tsare gida, duka biyun kuwa tun kafin maƙiyi ya iso ake yin su. Karin maganar nan ta “rigakafi ya fi magani” ta ware abubuwan biyu sarai. Kalmar ta dace da allurar ciwon hanta nau'in B da ta ƙwayar cutar HPV, domin suna hana kamuwa da ƙwayoyin cutar da ke jawo ciwon dajin hanta da na bakin mahaifa. Amma allurar da muke nazari a kanta, wanda ƙari ya riga ya fito wa ake yi wa ita. Don haka a nan za a kira ta “allurar horar da garkuwa”.

Sauran kalmomin da za a yi aiki da su su ne:

(a) ƙwayar halitta: ƙaramin ɗakin rai wanda da irinsa aka gina dukan jiki;
(b) furotin: sinadarin da ƙwayar halitta ke ƙerawa don gudanar da ayyukanta;
(c) saƙo: abin da littattafan Faransanci ke taƙaitawa ARNm, na Ingilishi kuma mRNA, wato kwafin umarnin ƙera furotin;
(d) mazubi: duk abin da aka ƙunshe saƙon a cikinsa don ya isa lafiya;
(e) dakarun T: ƙwayoyin garkuwar jiki masu kashe ƙwayar halittar da ta lalace;
(f) ƙwayoyi masu rassa: ƙwayoyin garkuwa da ke nuna wa dakarun T abin da za su farauta. Ralph Steinman ne ya gano su a 1973.

3.0 Abin da saƙon ke faɗa wa jiki

Saƙon rubutu ne mai haruffa huɗu, A da U da G da C. Ƙwayar halitta na karanta su uku-uku, kowane rukunin uku yana wakiltar ɗaya daga cikin tubala ashirin da ake gina furotin da su, ko kuma alamar tsayawa. Ciwon daji na tasowa ne idan kurakurai suka taru a cikin kundin gado na wata ƙwayar halitta har ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Wasu daga cikin kurakuran na sauya tubali guda tak a cikin furotin. Ɗalibin tsarin sauti ya san irin wannan a zubin kamantau: ƙwayar sauti ɗaya ce ta raba “baki” da “baƙi”, amma ta isa ta sauya ma'ana. Haka furotin ɗin ƙari ke bambanta da na lafiyayyar tsoka, kuma dakarun T na iya gane wannan ɗan bambanci idan an nuna musu shi.

Ga yadda ake harhaɗa allurar. Bayan fiɗa, ana karanta kundin gado na ƙarin da na jinin majinyaci, a kwatanta su. Kwamfuta na zaɓo kurakuran da ake kyautata zaton garkuwar wannan mutumin za ta gane. Sai a rubuta su a jere cikin saƙo: allurar Moderna na ɗaukar har 34, ta kamfanin BioNTech na Jamus har 20. Idan saƙon ya shiga ƙwaya mai rassa, sai ta ƙera guntayen furotin ɗin, ta baje su a bayanta, dakarun T su gani, su hayayyafa, su bazu cikin jiki suna neman duk ƙwayar da ke ɗauke da irin wannan alama.

4.0 Matsalar isarwa

A 1990 Jon Wolff da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka nuna cewa idan aka tsira wa ɓera saƙo tsirara a tsoka, yana ƙera furotin. Duk da haka an shafe shekara talatin kafin a amince da allurar mRNA ta farko ga jama'a, a ƙarshen 2020. Shingaye huɗu ne suka tare hanya.

Na farko, jini da ruwan jiki cike suke da sinadaran da ke daddatsa saƙon cikin ƙanƙanin lokaci. Na biyu, saƙon babba ne, kuma yana ɗauke da cajin lantarki mai alamar ragi, don haka ba ya iya ratsa bangon ƙwayar halitta da kansa. Na uku, garkuwar jiki na ɗaukar baƙon saƙo a matsayin ƙwayar cuta, ta tayar da kumburi. Wannan shi ne shingen da Katalin Karikó da Drew Weissman na Jami'ar Pennsylvania suka sassauta a 2005, da suka nuna cewa musanya harafin U da wani makusancinsa na kwantar da kumburin, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2023. Na huɗu, ko da ƙwayar halitta ta haɗiye saƙon, yana faɗawa ne cikin wata ƴar jaka da ke ƙara tsami a hankali har ta narkar da abin da ke cikinta. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan gajerun saƙonnin RNA ya gano cewa ɗaya zuwa biyu cikin ɗari kawai ke kuɓuta daga jakar.

Allurar ciwon daji na da ƙarin sharaɗi. Dole saƙon ya isa ga ƙwayoyi masu rassa, waɗanda suka fi yawa a saifa da kuma kulloluwan garkuwa, wato waɗanda ke kumbura mu ce kaluluwa ta fito. Mazubin da aka sa a jijiya kuwa, in ba an yi masa dabara ba, hanta yake nufa.

5.0 Ƙunshin maiƙo

Asalin mazubin ya koma ga Alec Bangham, wanda ya nuna a kusa da Cambridge ta Ingila, a shekarun 1960, cewa wasu nau'o'in maiƙo idan aka zuba su a ruwa sukan dunƙule su zama ƴan kumfa masu rufaffen ciki. A 1995 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Doxil, maganin ciwon daji da aka zuba cikin irin wannan kumfa. Sai dai ɗaukar RNA ya fi wuya. Maiƙo mai cajin ƙari na kama saƙon da kyau, amma yana da illa a cikin jini.

Maganin wannan ya fito ne daga birnin Vancouver na Kanada, daga ɗakin binciken Pieter Cullis a Jami'ar British Columbia da kamfanonin da suka tsiro daga gare shi. Sun ƙirƙiro maiƙon da cajinsa ke bin yanayin wurin da yake. A cikin ruwa mai tsami, lokacin harhaɗawa, yana ɗaukar cajin ƙari ya rungumi saƙon. A cikin jini ba shi da caji, don haka illarsa kaɗan ce. Da ya faɗa jakar nan mai tsami a cikin ƙwayar halitta, sai cajinsa ya dawo, ya dagula bangon jakar, saƙon ya fice. Tsamin da ya kamata ya halaka saƙon shi ne ya zama mabuɗin ƙofa.

Ƙunshin da ake amfani da shi yau na da sinadarai huɗu: wannan maiƙo mai sauya caji, wani maiƙo mai riƙe siffa, kwalastarol mai cike giɓi, da maiƙon da aka ɗaura wa sinadarin PEG don hana ƙunsoshin manne wa juna. Faɗin kowane ƙunshi bai wuce nanomita 100 ba a galibi, kaurin silin gashi guda ya ninka shi sau ɗaruruwa. Magani na farko da aka amince da shi a cikin irin wannan mazubi shi ne Onpattro na kamfanin Alnylam, a 2018, kuma don hanta aka yi shi. Ɗakin binciken Weissman ya yi aiki da kamfanin Acuitas na Vancouver wajen gwada ƙunshin da mRNA, kuma maiƙon Acuitas ne ke cikin allurar korona ta BioNTech da Pfizer. Ke nan, saƙon da aka gyara a Philadelphia bai yi tafiya ba sai da ya sami mazubi daga Vancouver.

6.0 Misalan haɗin gwiwa

6.1 BioNTech da Genentech da asibitin New York

Likitoci biyu mata da miji, Uğur Şahin da Özlem Türeci, tare da Christoph Huber, su suka kafa BioNTech a birnin Mainz a 2008, kuma ciwon daji ne burinsu tun farko. A 2016 masu bincike na Mainz suka buga wani sakamako a mujallar Nature: idan aka rage yawan maiƙo a kan yawan saƙo har ƙunshin ya kasance da ɗan cajin ragi, to in an sa shi a jijiya saifa yake nufa, ƙwayoyi masu rassa su haɗiye shi. Ba a liƙa masa wata alamar adireshi ba, ma'aunin haɗin kawai aka sauya. Haka kuma a wannan allura an bar harafin U yadda yake, domin ɗan kumburin da yake tayarwa na aiki kamar gangar yaƙi, yana farkar da garkuwa.

A shekarar ce kamfanin Genentech, reshen Roche, ya ƙulla yarjejeniya da BioNTech a kan dalar Amurka miliyan 310 na kuɗin farko da na matakan kusa. Genentech ya kawo kuɗi da gwanintar gwaji da maganinsa atezolizumab. Irin wannan magani, kamar pembrolizumab, yana cire birkin da ƙari ke taka wa dakarun T, fannin da James Allison da Tasuku Honjo suka sami kyautar Nobel a kansa a 2018. Allura na ƙara yawan dakaru, maganin kuma na kwance musu dabaibayi.

Ƙafa ta uku ita ce cibiyar ciwon daji ta Memorial Sloan Kettering a New York, inda likitan fiɗa Vinod Balachandran ya jagoranci gwaji a kan ciwon dajin fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin. Wannan ciwo na daga cikin mafiya kisa. An fara gwajin a ƙarshen 2019. Akan cire ƙari a New York, a aika samfurinsa Jamus, a harhaɗa allura a dawo da ita, majinyaci ya karɓe ta kimanin mako tara bayan fiɗa. Cikin majinyata 16 da aka yi wa allurar, 8 sun samar da dakarun T masu yawa. Bayan kimanin shekara uku, 6 daga cikin waɗannan 8 cutar ba ta dawo musu ba, alhali ta dawo wa 7 daga cikin 8 ɗin da garkuwarsu ba ta amsa ba. Adadin ƙarami ne, kuma babu rukunin kwatance, shi ya sa aka buɗe gwaji mafi girma.

6.2 Moderna da Merck

Wannan ƙawance shi ma a 2016 aka ƙulla shi, Merck ya biya dalar Amurka miliyan 200. A watan Oktoba na 2022 ya ƙara miliyan 250 don ya zama abokin tarayya a allurar, a raba kuɗin aiki da riba daidai wa daida. Mazubin Moderna ƙunshi ne mai sinadarai huɗu, ana tsira shi a tsoka sau ɗaya kowane mako uku, har sau tara, daga nan ya gangara zuwa kulloluwan garkuwa na kusa. A 2023 aka fara gwajin mataki na uku a kan masu melanoma fiye da dubu. Har zuwa ƙarshen 2024 babu wata allurar mRNA ta ciwon daji da wata hukuma ta amince a sayar.

6.3 Gwamnati a matsayin abokiyar aiki

Gwaji na bukatar majinyata da yawa waɗanda za a iya karanta kundin gadon ƙarinsu da sauri. A 2023 gwamnatin Birtaniya ta ƙulla yarjejeniya da BioNTech da nufin kai irin waɗannan magunguna ga majinyata har 10,000 kafin 2030, kuma hukumar lafiya ta Ingila ta kafa tsarin da ke haɗa majinyatan asibitocinta da gwaje-gwajen. Abin da gwamnati ta kawo teburin ciniki shi ne tsararren tsarin asibitoci.

7.0 Mallaka da farashi

Inda hannaye suka yi yawa a kan tukunya, rigimar rabo ba ta rasa tasowa. A watan Fabrairu na 2022 kamfanonin Arbutus da Genevant, magadan wani reshe na binciken Vancouver, suka kai ƙarar Moderna a kotun Amurka bisa zargin amfani da fasahar ƙunshinsu ba da izini ba. Haruffan saƙo ana iya sake rubuta su cikin kwanaki, amma maiƙon da ke ɗaukarsu da hanyar gauraya shi suna ƙarƙashin takardun haƙƙin ƙirƙira. Duk ɗakin binciken da ke son shiga fagen sai ya sayi izini ko ya ƙirƙiro nasa maiƙon.

Tarihi ya riga ya yi gargaɗi game da farashi. A 2010 aka amince da Provenge a Amurka, allurar horar da garkuwa ta ciwon dajin mafitsara na maza, wato na furostat. Mazubinta ƙwayoyin jinin majinyacin ne da kansa: a ɗebo su, a kai masana'anta, a horar da su, a mayar masa. Ta ƙara wa majinyata kimanin wata huɗu na rayuwa a matsakaici, a kan dalar Amurka 93,000. A 2014 kamfanin Dendreon mai yin ta ya durƙushe. Maganin ya yi aiki, hanyar isar da shi ce ta yi nauyi.

8.0 Ina Afirka ta tsaya?

Tambayar ta shafe mu ta fuska uku. Ta farko, kwamfutar da ke zaɓar kurakuran da za a sa a allura na dogara ne da sanin alamomin garkuwa da ake kira HLA, waɗanda ke bambanta daga mutum zuwa mutum. Al'ummomin Afirka sun fi kowa yawan bambancin gado, amma galibin bayanan da aka tara daga mutanen da asalinsu Turai ne aka samo su. Idan ba a shigar da ƴan Afirka cikin bincike ba, hasashen zai fi rauni a kansu.

Ta biyu ita ce sanyi da lokaci. Allurar korona ta Pfizer da farko sai a ma'aunin 70 ƙasa da sifiri ake ajiye ta, ta Moderna a 20 ƙasa da sifiri, kuma rashin juriyar saƙo a cikin ƙunshi ne ya jawo haka. Allurar da ake yi wa mutum ɗaya kuwa na bukatar fiɗa a kan kari, da na'urar karanta kundin gado, da jirgin da zai kai samfur ya dawo da magani. A Nijar, sai a 2021 aka fara gashin ƙari da haskoki a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai, kuma majinyata da dama ba sa zuwa asibiti sai cuta ta yi nisa. Akwai alluran da aka gwada waɗanda ba na mutum ɗaya ba ne, masu ɗauke da alamomin da ƙari iri ɗaya ke tarayya a kansu, kamar BNT111 mai alamomi huɗu na melanoma. Irin waɗannan sun fi kusa da abin da asibitocinmu za su iya riƙewa.

Ta uku ita ce wurin ƙera magani. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa cibiyar koyar da fasahar mRNA a birnin Cape Town tare da kamfanin Afrigen, kuma cibiyar Pasteur ta Dakar na cikin masu karɓar horon. A watan Disamba na 2023 BioNTech ya yi bikin buɗe masana'antarsa a Kigali. Cututtuka masu yaɗuwa ne manufar waɗannan wurare, amma gwanintar haɗa saƙo da maiƙo iri ɗaya ce.

Nijar kuma ta taɓa cin moriyar wani salon haɗin gwiwa daban, a kan sanƙarau. A kula, sanƙarau daban, sankara daban. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka fara aikin samar da rigakafin sanƙarau nau'in A. Jami'an lafiya na Afirka suka ce ba za su iya sayen abin da ya wuce rabin dalar Amurka ba, sai aka kafa wannan farashi tun kafin a zaɓi masu aikin. Fasahar ta fito daga ɗakin bincike na hukumar magunguna ta Amurka, kamfanin Serum Institute na Indiya ya harhaɗa, aka fara yin MenAfriVac ga jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010. Daga baya aka amince a riƙe ta ba ƙanƙara har kwana huɗu a zafin da bai wuce ma'auni 40 ba. Gaskiya ne cewa rigakafi ɗaya na miliyoyin mutane ya fi allurar mutum ɗaya sauƙin araha. Abin koyi a nan shi ne jerin matakan: an tambayi masu bukata tukuna, sannan aka tsara fasahar.

9.0 Kammalawa

Darasin ya nuna cewa allurar horar da garkuwa abu biyu ce a haɗe, saƙo da mazubi, kuma mazubin ne ke yanke gaɓar da saƙon zai sauka, da hanyar da za a yi allurar, da sanyin da za a ajiye ta, da wanda za a biya kuɗin izini. Ya kuma nuna cewa babu jami'a ko kamfani ɗaya da ya mallaki dukan sassan aikin. Sakamakon gwaje-gwajen mataki na uku shi zai tabbatar da amfanin alluran. Batun isarsu Maraɗi ko Damagaram ko Tawa kuwa ya rataya ne a kan sharuɗɗan da aka rubuta a yarjejeniyoyi, da kuma ko akwai ƴan Afirka a wurin rubuta su.

Tambayoyin nazari

1. Wace illa ka iya biyowa baya idan ma'aikacin lafiya ya gaya wa majinyaci cewa za a yi masa “rigakafin” ciwon da ya riga ya kama shi? Kawo kalmar da kake ganin ta fi “allurar horar da garkuwa” dacewa, ka kare zaɓinka ta fuskar ginin kalma da ma'ana.
2. Bayyana yadda tsamin jakar cikin ƙwayar halitta ke taimaka wa saƙo ya kuɓuta.
3. Kwatanta haɗin gwiwar Moderna da Merck da na MenAfriVac: wa ya kawo me, kuma a wane mataki aka yanke farashi?